Tarin Mota a Hanyar Nguru

Motar ƙarama ce, kujera biyu, babu rufi. Wani Bature mai sayen fatu a Nguru ne ya bar mini ita da zai koma ƙasarsu, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, domin ta gaji, kuma ni ne makaniken da ya saba fama da ita. Don gudu a kan kwalta aka ƙera ta, mu kuwa rairayi gare mu. Sai na ɗaga ta, na sa mata manyan tayoyi, na cire kafiretonta, abin da ke gauraya mai da iska, na ɗaura wani babba da na ciro daga wata matacciyar akori-kura. Abokan aikina suka ce na lalata ta. Na ce hassada ce. Ni dai ba na son a gaya mini, har yau haka nake.

Mahaifina yana Gashuwa, can yake fataucin ƙaro da zuma tun kafin a haife ni. Yanar ido ta kama shi, ya yi shekaru ba ya ganin komai sai dishi-dishin haske. An ce akwai likita a Kano da ke cire ta, amma Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Mun yi lallashi har mun gaji. Kwatsam bayan kaka ya aiko cewa ya yarda. Na san halinsa, sau ɗaya yake yarda. Jirgin ƙasa kuma ba kullum yake tashi daga Nguru zuwa Kano ba. In na ranar ya wuce mu, cewa zai yi Allah bai nufa ba, magana ta mutu ke nan.

Na je Gashuwa lafiya lau, na kwana, muka kamo hanya bayan asuba. Ba mu kai Jajimaji ba mota ta fara tari. In na taka ta sai ta shaƙe, ta yi fat-fat ta bakin kafireto, ta riƙa fizga. Na ja cok don in rage mata iska, ta ɗan farfaɗo, can ta mutu murus a cikin rairayi.

Na kwance fulogi ɗaya. Bakinsa fari fat kamar toka, ga zafi. Duk makanike ya san wannan: mai bai ishe ta ba, iska ta yi mata yawa. Abin da ya fara zo mini shi ne kafireton nan da na ɗaura da taurin kai. Na kwance shi na hure 'yan hudojinsa, ba datti. Na shafa sabulu a mahaɗarsa ko iska na shiga, na bi bututun mai, na duba wayoyin wuta. Ban ga komai ba. Na buga ta, ta tashi garau kamar ba ita ba.

Ba mu yi nisa ba ta sake. Na tsaya, na zage ta, na zagi Baturen da ya bar mini ita. Ta huta ta tashi, ta yi 'yar tafiya ta sake mutuwa. Rana ta take, ga Nguru da sauran tafiya.

Baba yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Sai ya ce, "Kai, juya mu koma gida. Abin da ba a nufa ba, ba a matsa masa."

"Baba, ku yi haƙuri. Ƙaramin abu ne."

"Ƙaramin abu ne kake zagi haka?"

Ƙarya na yi masa, ban san ko mene ne ba. Tsoro ya kama ni sosai. Don dai in sami abin yi, na zaga baya in duba ko man ne ya zube. Na murɗa murfin tanki ya ƙi, na sa ƙarfi. Yana buɗewa na ji fuuu, tanki ya zuƙi iska, har gefensa ya yi ƙwas. Na juya murfin. Akwai wata 'yar huda a tsakiyarsa da tanki ke shaƙar iska ta nan, in babu ita mai ba ya sauka. An toshe ta da ƙaro, an shafe sumul, aikin gwani.

"Wane mara aikin yi ne ya liƙe mini wannan?" na faɗa da ƙarfi.

"Ni ne," in ji Baba. "Jiya da la'asar na shafa motar taka, na ji wari na fita ta nan. Na ce yaron nan har yau bai iya rufe kaya ba. Wa ke ɗaukar tulun zuma da huda a murfi?"

Na tsaya riƙe da murfi, zagin da na ɗauko ya maƙale. Sai dariya ta ƙwace mini, na zauna a rairayi ina yi har da hawaye. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Na tsinko ƙayar aduwa na huda ƙaron. Baba ya ce shi dai har yanzu bai yarda daidai ne a bar abu a buɗe ba, amma in tuƙa.

Ko tari ɗaya ba ta ƙara yi ba. Mun iske jirgi ana loda masa buhunan busasshen kifi, ƙanena da zai raka shi yana ta leƙen hanya. Na riƙe hannun Baba har ya zauna.

Da suka dawo na je tasha tarbarsu. Ya sauko da wani tabarau mai kauri, ba wanda ya riƙe shi. Ya wuce ni, sai da na yi magana ya juyo. Ya daɗe yana kallona, ya sa hannu ya taɓa gemuna.

"Yaushe ka yi furfura haka, ba wanda ya gaya mini?"