Ranar da Umma ta ƙi a yi misali da ita

Wata Asabar ce a watan Mayu na shekarar 2006, ina da shekara tara, muna shukar yakuwa a ɗan filin da ke manne da kicin ɗinmu a Largo, a ƙasar Amurka. Filin bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, amma Umma ta mayar da shi gona, da kuɓewa da alayyafo da tattasai, irin ma daga Zariya ake aiko mata da shi a ƙulle cikin leda. Ita ke sara rami da 'yar fartanyarta, ni ina jefa iri, ƙanena Sadiku yana bi yana rufewa da ƙafa, kodayake rabin aikinsa korar kurege ne. Muna cikin haka Abba ya leƙo da waya a hannu, fuskarsa wani iri. Hajiya, mahaifiyar Umma, ta rasu. Da yake agogon gida yana gaban namu, kafin mu karya kumallo an riga an yi mata sutura an kai ta makwancinta. Umma ta karɓi wayar, ta yi innalillahi, ta yi addu'a, ta miƙa wa Abba. Daga nan ta sunkuya ta ci gaba da sara ramuka har ƙarshen layin, ni kuma ina bin ta da iri saboda ban san abin da zan yi ba.

Kafin la'asar gidan ya cika. Mata suka yi ta zuwa daga Upper Marlboro da Germantown da kulolin abinci, takalma suka taru a bakin ƙofa har kan matakala. Umma ce ke kai da kawo, tana zuba wa baƙi ruwa, tana amsa gaisuwa, ko ɗigon hawaye babu. A cikin matan akwai Hajiya Babba, wata dattijuwa da ke zaune a wurin ɗanta likita, wadda duk abin da ta faɗa a taron mata shi kenan an gama. Ita ce ta ɗaga murya ta ambaci sunan Umma ta ce, "Rabi akwai tawakkali. Haka ake son mace." Maganar ta bi gari. Ni ma na ji daɗinta sosai, har na riƙa tafiya da ɗaga kai a Islamiyyar ƙarshen mako.

Abin da baƙi ba su gani ba, mu muka gan shi. Yakuwar ta tsiro, ta yi kyau, sannan ta bushe a tsaye don ba wanda ya ba ta ruwa, bareyi kuma suka cinye kuɓewar. Umma tana zuwa aikinta a ɗakin magani na asibiti, tana sallolinta, amma in ta dawo sai ta shige ɗaki ta ja labule. Matar da ke zaunar da ni tsakanin ƙafafunta duk Lahadi ta yi mini kitso tana ba ni labarin 'yan unguwarsu, ta koma sai in yi makonni da tsohon kitso, ina shiga bas ɗin makaranta da hula ko ana zafi. Ta daina buga carafke da mu a kan kafet, ta daina yi mana faɗa in mun amsa mata da Turanci, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na koyi ninke wanki da fitar da shara da dafa taliya, Abba kuma ya koyi tuƙa tuwo mai gudaji, muna ci muna yaba masa don tausayi. Kullum in na sauko daga bas sai in dubi tagar ɗakinta, ina fata in ga an ɗage labulen.

Wata rana bayan sanyi ya fara shigowa mun fito daga kanti, muka shiga mota, Umma ta riƙe sitiyari ta kasa tayarwa. Numfashinta yana fita sama-sama, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, tana cewa ƙirjinta zai fashe. Anti Laraba na kira, ƙawarta 'yar Jos, Kirista, nas a asibitin da suke aiki. Ta zo ta kai ta aka duba zuciya, aka ce lafiyarta lau. A hanyar dawowa ina kujerar baya na ji tana cewa, "Rabi, ki daina yaudarar kanki. Wannan ciwo ne, kuma akwai masu maganinsa." Abba ya yarda, amma da sharaɗin kada maganar ta fita. A lokacin, a wurin mutanenmu, duk wanda ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa to kansa ya taɓu, kuma tabon har kan 'ya'yansa yake sauka.

Haka muka fara zuwa duk Alhamis bayan an tashi makaranta. Mu a ɗakin jira muke zama muna aikin gida muna kallon kifaye a cikin gilashi, Umma kuma ta shiga wurin wata dattijuwar baturiya mai farin gashi, wadda muka sa wa suna Matar Alhamis. Abin da ya faru a ciki daga baya Umma ta ba ni labari, kuma har yau in tana ba da shi sai ta yi dariya har da hawaye. Ita dai a saninta ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana, ba a kuma zube wa baƙo damuwa. Saboda haka sai ta ci ado, ta sa leshi da turare, ta ɗauki robar dambun nama. Duk abin da matar ta tambaya, barci, cin abinci, aiki, amsa ɗaya ce, lafiya lau, alhamdulillahi. In matar ta yi shiru sai Umma ta ga ai rashin ladabi ne a bar mai masauki haka, sai ta shiga tambayar ta lafiyar maigida da yara. Makonni aka yi ana wannan ziyara. Matar kuma kullum sai ta ce ƙa'idar aikinsu ba ta yarda ta karɓi kyauta ba, Umma ta dawo da robarta tana mita a mota, wai ba ta taɓa ganin mutum mai tsantseni irin wannan ba.

Rannan matar ta ce ba za ta karɓa ba, amma tana so a buɗe robar ta gani, ta kuma tambayi wanda ya koya mata yin sa. Umma ta fara bayani, yadda Hajiya ke dafa naman har ya yi laushi, yadda take daka shi a turmi tana ƙananan waƙoƙi, yadda ta cusa mata wani a jaka ranar da za ta taho Amurka. Ba ta kai ƙarshen labarin ba. Daga ɗakin jira na jiyo wani irin kuka da ban taɓa ji ba, na miƙe a firgice, Sadiku ya riƙe mini riga. Da ta fito idanunta sun kumbura, kwalliyar ta ɓaci. A ranar da yamma ta kira ni ta ce in ɗauko mataji da man kitso.

Daga baya matar ta koya mata zama shiru tana bin numfashinta, shiga da fita, in tunani ya zo ta lura da shi ta bar shi ya wuce. Ba ta ɓoye mata ba cewa daga mabiya addinin Buddha aka samo wannan hanya. Umma ta yi tsalle ta dire. "Ni da sallolina biyar?" in ji ta. Sai da ta yi kwanaki tana juya abin a ranta, ta ga ba sujada a ciki, ba kiran sunan kowa, numfashin kuma Allah ne ya ba ta, sannan ta gwada. Bayan la'asar takan zauna a matakalar kicin ta rufe ido, mu kuma an kafa mana dokar shiru. Muka mayar da abin wasa, mu zauna a gefenta mu ga wa zai riga dariya, kuma kullum Sadiku ne. A hankali ta dawo mana. Ba gaba ɗaya ba, akwai ranakun da labulen ke komawa, amma yanzu takan faɗa mana da bakinta cewa yau ranta ba daɗi.

Shekara ta zagayo sai aka yi wa wata amarya, Anti Maryam, rasuwar mahaifi, ita ma daga waya ta ji. Muka je ta'aziyya Germantown. Falon ya cika da mata, ita tana rakuɓe a lungu tana haɗiye kuka, ana ta ce mata sai haƙuri. Sai Hajiya Babba ta nuna Umma ta ce, "Ke yarinya, share hawayenki. Dubi Rabi, uwa ta rasa, ko ƙwalla ba ta yi ba." Ina zaune kusa da ƙafar Umma, na ga ta ajiye kofin da ke hannunta, ta ja numfashi irin na matakalar kicin.

"Hajiya, ki gafarce ni," ta ce, "amma kada a yi mata misali da ni. Ni ciwo na yi. 'Ya'yana sun yi watanni kamar ba su da uwa. Therapist nake gani, har yanzu."

Hajiya Babba ta riƙe haɓa ta ce, "Rabi! Likitan mahaukata?"

"Shi fa, Hajiya. Mahaukaciyar ce ma ta yi miyar da kika ce a ƙara miki."

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mayafi. Umma ba ta jira kowa ba, ta tashi ta kama hannun Anti Maryam ta shige da ita ɗaki ta rufe ƙofa, muka jiyo kukan yana fita. A hanyar gida Abba ya yi ta tuƙi, ni kuma ina ta satar kallonsa, don na san sharaɗinsa ne aka karya. Sai da muka kusa Largo ya ce, "Da ni ne da ban iya ba." Amma maganar ba ta wuce salin alin ba. An daina kiran Umma ta jagoranci girkin suna, wasu matan suka rage zuwa gidanmu, a Islamiyya ma wata yarinya ta tambaye ni ko gaskiya ne uwata ta zare. Na ce mata ta je ta tambaye ta da kanta, tana nan a waje cikin mota.

Yanzu iyayena sun koma Zariya, an sayar da gidan Largo, waɗanda suka saya sun shimfiɗa ciyawa a inda gonar take. Sa'o'ina suna maganar therapy a wurin biki kamar maganar ciwon haƙori, kowa da manhajar numfashi a wayarsa, kuma ina murna da haka. Amma wani lokaci nakan yi kewar zaman nan na matakala, da zafin kafaɗarta a jikin tawa, da Sadiku yana ƙunshe dariya. Nakan kuma tuna cewa a zamanin da ta yi maganar nan ba kowa a bayanta, kuma sunan da ta ajiye a falon shi ne abu mafi tsada da take da shi a ƙasar. Ni ce mafi kusa da ita a ranar, kuma na ji muryarta tana rawa tun daga farko har ƙarshe.