Furen Albasar Hollis Tatum

Duk wanda ya taso a yankinmu na kudancin jihar Jojiya a Amurka, inda albasa mai zaƙi take fita, ya san rumfar Hollis Tatum. Rumfa ce mai taya, ja da fari, yana jan ta da tsohuwar a-kori-kurarsa daga wannan bikin baje-koli zuwa wancan, har shekara talatin da huɗu. Abu ɗaya tak yake soyawa, furen albasa. Zai ɗauki ƙatuwar albasa ya tsattsaga ta gida goma sha shida ba tare da wuƙa ta taɓa gindinta ba, ya tsoma ta a ƙullu, ya sake ta cikin tafasasshen mai, sai ka ga ta buɗe kamar fure ta yi jajir, kowane kunne yana ƙaras-ƙaras. Bai taɓa duba agogo ba. Kunne yake kasawa, don a cewarsa mai yana magana, wanda bai iya saurare ba shi ke ƙona abinci.

Mutum ne mai taurin kai, ba sai an ɓoye ba, ga tsabta har ta yi yawa. Ba ya miƙa wa kowa faranti sai ya wanke wuƙa da kwano ya goge ya mayar da su mazauninsu, ko da layi ya kai bakin titi. Matarsa Verlene ta sha yi masa faɗa a kan haka har ta gaji ta bari. 'Yarsu ɗaya, Marva, a ƙarƙashin teburin rumfar nan ta yi rarrafe. Suna kuma da wata al'ada a gidan: albasar farko ta kowace kaka ba a sayar da ita. Ran Lahadi bayan an taso daga coci Hollis zai soya ta, su ukun su zauna su cinye da hannu, sannan a buɗe kasuwar shekara.

Verlene ta rasu shekara shida ke nan. Bayanta huhun Hollis ya gaza, hayaƙin mai da na taba suka haɗu suka gama da shi. Ya sayar da rumfar, aka sa masa siririn tiyo a hanci, ga tukunyar oksijin yana ja a baya duk inda zai je, daga ɗaki zuwa baranda sai ya tsaya ya huta. Likita ya gaya masa, Marva ma da take aikin jinya a birnin Macon ta gaya masa: wannan iskar da wuta ba sa haɗa ɗaki. Ya ce ya ji. A watan Janairu ya ɗora mai a murhun gas zai soya kifi, wuta ta kama tiyon ta bi shi har hanci, ta cinye gashin bakinsa da gira ɗaya, ta lashe labulen kicin. Maƙwabcinsa Elroy, tsohon direban motar makaranta, shi ya ga hayaƙi ya fasa ƙofa.

A gadon asibiti Marva ta tsaya a kansa, idonta jajir.

"Baba, dube ni nan. Na gaji da jiran ranar da za a kira ni a ce ka ƙone ƙurmus. Akwai ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ni, na je na gani. Ka ƙara kunna wuta ƙarƙashin mai sau ɗaya, ɗaya tak, can za ka. Ba wasa nake ba."

"A gidan nan uwarki ta cika," in ji shi. "A nan za a fitar da ni."

"To ka rantse."

Ya rantse da kabarin Verlene. Marva ba ta yarda ɗari bisa ɗari ba, don ya taɓa rantse mata a kan taba, ta zo ta tarar da kwali a cikin takalminsa. Ta sa aka cire murhun gas ɗin gaba ɗaya. A madadinsa ta kawo masa tukunyar lantarki baƙa, irin mai suya da iska mai zafi, babu wuta babu tafasasshen mai. Hollis ya leƙa cikinta ya ce wannan ai fanka ce aka yi wa murfi. Wata uku tana cikin kwalinta a kan firij, shi kuwa yana cin burodi da abincin gwangwani.

Da Afrilu ta zo ƙarshe aka fara haƙar albasa, ƙamshinta ya cika gari, Elroy ya kawo masa rabin buhu daga gonar surukinsa. A waya Marva ta ce za ta zo ran Lahadi. Sai ta ƙara da cewa, "Bana dai ba fure ke nan." Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta soke shi. Ya ce da ita ta zo da yunwarta.

Ran Alhamis ya sauke fankar. Ya yi yadda ya saba: ya dama ƙullu mai kauri da madara mai tsami, ya tsoma albasa, ya zura a kwandon da ke cikin tukunyar, ya murɗa. Sabo turken wawa. Ƙullun da mai yake kamawa nan take, iska ba ta kama shi ba, sai ya zurare ƙasa ya taru ya ƙone, albasar ta fito tsirara, a dafe, a langwaɓe. Ya sake, ya ƙara kauri. Ta biyun saman ya yi gawayi, cikin ɗanye. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba ya jin komai sai gurnanin fanka. Shekara talatin da huɗu yana aiki da kunne, yau ya zama kurma a kicin ɗinsa.

Elroy ya shigo ran Juma'a ya tarar da guda biyar a kwandon shara.

"Kai tsoho, jana'izar albasa ake yi ba a gayyace ni ba?"

"Fita mini daga gida."

"Jikata tana yi a irin wannan. Busasshiyar fulawa take sawa, ba ƙullu ba, sai ta fesa ɗan mai. A waya ta gani."

"A waya," in ji Hollis. "Ni za a koya wa albasa a waya? Da kake tuƙa 'ya'yan mutane kana faɗawa kwalbati, na taɓa koya maka tuƙi?"

"Sau ɗaya na faɗa. Kai kuwa biyar ga su nan a shara. In kiɗa ya canza, ɗan'uwa, rawa ma sai ta canza."

Ran Asabar da hantsi, bayan ta bakwai ta lalace, zuciya ta ɗebe shi. A rumbun bayan gida akwai abin da bai sayar ba, kuma Marva ba ta san da shi ba: tsohuwar tukunyar ƙarfensa da ƙaramin murhunta mai tukunyar gas. Ya shafe fiye da awa ɗaya yana jan su zuwa barandar baya, taku uku ya tsaya ya yi haki. Ya zuba mai har rabi. Ya cire tiyon daga hancinsa ya rataye a kujera, ya ɗauko ashana. Ya daɗe a tsaye, ƙirjinsa yana kukan tsohuwar ƙofa. Ba tsoron wuta ne ya hana shi ba. Ya tuna da wa ya rantse, ya kuma hango ɗakin nan na Macon da aka ce tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ya mayar da ashanar aljihu, ya mayar da tiyon. Ƙarfin da zai mayar da tukunyar rumbu kuwa babu shi, sai ya bar ta a nan da man a ciki, ya ce Litinin Elroy ya kama masa.

Ya ɗebi rabin kofi daga man ya koma kicin. Ya zaɓi albasa matsakaiciya, ya tsaga, ya jiƙa a ruwan ƙanƙara har ta buɗe, ya tsane ta da tsumma. Ya barbaɗa busasshiyar fulawa da gishiri da barkono tsakanin kunnuwan, ya tsoma a ƙwai, ya sake barbaɗawa da garin masara, ya bar ta ta huta a firij. Sannan ya ɗauko ƙaramin buroshin da Verlene take shafa wa biskit man shanu, ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya yana shafa mai, ciki da baya. Ya fara da ƙaramin zafi don cikin ya nuna, daga baya ya ƙara. Ya jawo kujera ya kara kunne a jikin tukunyar, kuma can ƙarƙashin gurnanin fanka ya jiyo shi, siririn ƙaran mai, yana sauka a hankali kamar yadda ya sani. Da ya yi daidai ya zare kwandon.

Elroy da ya leƙo a lokacin, shi ne ya ci kunnen farko. Ya tauna, ya tauna, ya kalli Hollis.

"Kai! Wannan ai ita ce. Rufe min ido ka ce daga rumfa ta fito, ba zan musa ba."

Hollis ya ɗanɗana. Ita ce, babu ragi. Ya kamata ya yi murna, ya cika alkawari, gidansa ya tsira. Amma baƙin ciki ne ya danne shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya ga an ja rumfarsa an tafi da ita. Ashe abin da ya ba huhunsa a kai, abin da ya sa ake kiran sunansa a gunduma shida, akwatin roba mai fanka zai iya, har jikar Elroy ma ta kusa iyawa. Ya tura wa Elroy farantin.

Ran Lahadi ya sake yi, ta ma fi ta jiya kyau. Kuma hali zanen dutse: kafin motar Marva ta tsaya ya riga ya wanke kwandon, ya goge shi tas, ya naɗe igiyar wutar, ya mayar da tukunyar cikin kwalinta a kan firij. Babu ko ɗigon fulawa a teburi.

Marva ta shigo da kayan coci, ta ga furen a tsakiyar teburi, ta tsaya cak. Ta zauna, ta ɓalli kunne ɗaya ta ci. Ta ɓalli na biyu. Hawaye suka zubo mata, shi kuwa ya ɗauka uwarta ta tuna. Sai ta ɗaga kai ta dubi saman firij, ta tashi ta buɗe kwalin, ta shafa yatsa a kwandon ta duba. Daga nan ta buɗe ƙofar baya. Ga tukunyar ƙarfe a kan murhu, ga mai har rabi.

Ba ta yi ihu ba. Ta dawo ta zauna, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Da kabarin Mama ka rantse."

"Marva, saurara..."

"Kada ka fara, Baba. Kada ka ce mini injin nan ne. Da wannan albasar aka yaye ni. Na ci ta gidajen abinci, na ci ta ƙawayena da suke yi a irin wannan tukunyar, duk shirme ne. Babu injin da zai yi wannan a duniya. Wannan hannunka ne da tukunyarka, babu mai yin ta sai kai."

Maganar tana bakinsa. Kalma kaɗan ce: je ki duba, man bai taɓa zafi ba, ko ki kira Elroy, ko ki zauna in sake yi a gabanki. Minti arba'in ya ishe shi ya wanke kansa. Amma tun da aka sa masa tiyon nan babu wanda ya dube shi a matsayin komai sai majinyaci, mai mantuwa, wanda ake ɓoye wa ashana. Yau 'yarsa tana kuka tana cewa babu mai yin ta sai shi. Ya dubi furen, ya dubi kwalin da ke kan firij, ya sunkuyar da kai.

"Ci kafin ta huce," ya ce.

Ta ci, tana kuka tana ci, har ta cinye.

Bayan sati biyu aka zo kwashe kaya. Marva tana ciki tana naɗe hotuna a jarida, Elroy ya sami Hollis a baranda zaune kusa da akwatinsa guda ɗaya.

"Yanzu Marva ta ce mini wai mai ka ɗora a wuta. Kai, da idona na ga ka zare ta daga fankar nan! Bari in je in gaya mata."

Hollis ya kama hannun rigarsa, riƙon da Elroy bai san yana da sauran ƙarfinsa ba.

"Zauna."

"Gidanka fa, Hollis. Gidan Verlene. Haukacewa ka yi?"

"Ta ce babu mai yin ta sai ni." Ya ja numfashi, ya daɗe kafin ya samu na gaba. "Can inda za ni ba su da kicin, ba wanda zai san na taɓa riƙe wuƙa. Bar mini wannan ɗin."

Elroy ya zauna. Jim kaɗan Marva ta fito rungume da kwalin tukunyar lantarkin, ta ajiye a gabansa.

"Kawu Elroy, kai wa jikarka wannan. Sabuwa ce fil, ko sau ɗaya bai taɓa ta ba."

Elroy ya dubi Hollis. Hollis yana kallon titi. Elroy ya ɗauki kwalin ya ce ya gode, Marva kuma ta kulle ƙofar ta sa makullin a jakarta.