Sallamar Kawu a Kwandon Shara

Duk na'urar da aka ce za ta yi wa mutum tunani ban yarda da ita ba, kuma ina da dalili. Dalilin nawa kawuna ne, wan mahaifiyata, dillalin bandar kifi a kasuwar Haɗejiya.

Lokacin da babban ɗansa ya tafi karatu ƙasar waje, kiran waya zuwa can sai mai hali, wayoyin nan na shafawa kuma ba su iso mana ba tukuna. Yaron taubashina ne, saboda haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa. Kafin ya tafi ya buɗe wa ubansa akwatin imel ya bar mini lambar sirrin, tunda ni ce malamar makaranta mai kwamfuta. Duk Juma'a bayan la'asar Kawu zai shigo gidanmu yana ƙanshin hayaƙin banda, ya zauna a tabarma ya ce, "To 'yar nan, rubuta."

Kawu ba ya gajeriyar wasiƙa. Sallama cikakkiya, sannan gaisuwa, sannan addu'a har sai yatsuna sun gaji: Allah ya buɗa maka, Allah ya tsare ka daga mugun aboki, Allah ya sa ka fi ni. Daga nan sai labari. Ruwa ya cika fadama, shinkafar wane ta nutse, tarwaɗar fadamar Baturiya ta yi ƙiba bana. Ya sake rufewa da addu'a.

Ba a jima ba baƙi suka fara sallama a akwatin. Wata wai matar wani attajiri ce da ya mutu ya bar ta da dukiya, ba ta ga amintacce a duk duniya ba sai dillalin kifi a Haɗejiya. Wani yana sayar da maganin ƙarin ƙarfi. Wani ya ce Kawu ya ci gasar da bai taɓa shiga ba. Maƙaryatan banza! Da sun ga sunan Musulmi sai su liƙa sallama a sama, su bi da "Allah ya yi maka albarka" cikin Turancinsu mai kama da na mai mura.

Tsautsayi ya sa na fassara masa ɗaya don mu yi dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sallama ta yi?"

Na ce, "Kawu, ɓarauniya ce. Wataƙila ma gardi ne da gemu."

Ya ce, "Ban tambaye ki sana'arta ba. Amsa sallama wajibi ne. Rubuta mata wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan mijinta, dukiya kuma ba ma so."

Na yi magiya, na yi rantsuwa, ina! Kawu ko sisi bai taɓa ba su ba, wayonsa ya fi nasu, amma sallama sai ya amsa. Su kuwa abin da suke nema ke nan, su tabbatar akwai rayayye a bayan adireshin. Ka amsa wa ɗaya, ya sayar da sunanka ga 'yan'uwansa. Kafin damina ta fita akwatin ya toshe kamar yadda ciyawar kachalla ke toshe hanyar ruwa a wajen Kirikasamma, ka sare yau, gobe ta tsiro.

A cikin wannan hayaniyar amsar ɗan ta ɗauke. Juma'a ta zo, babu. Wata ta zo, babu. Kawu zai leƙo fuskar kwamfutar duk da ba ya karanta boko, ya ce, "Duba da kyau." In duba, ba kowa sai zawarawan ƙarya da masu magani. Ya ce, "Ɓarayi ma suna gaishe ni." Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na ga idon dattijon ya kaɗa. Addu'ar ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, amma ya fara sa wa a ƙarshe: in na yi maka laifi ka faɗa mini. Mutumin da duk kasuwa ke tashi tsaye in ya shigo, shi ne yake roƙon ɗan cikinsa.

Ni kuwa na gama yanke wa taubashin nawa hukunci. Na ce ya ga titi mai fitila ya manta warin kifin da ya raine shi.

Sai da azumi ya zo yaron ya samu ya kira wayar wani maƙwabcinmu. Aka kawo ta gidanmu da gudu, aka buɗe murya kowa na ji. Ashe shi ma fushi yake, wai an manta da shi. Na ce, "Kai dai an yi sakarai. Ka duba kwandon shara na akwatinka?" Muna jin ƙarar madannai. Can ya ce, "Af! Ga su nan."

Ga yadda abin yake, kamar yadda na fahimta daga baya. Kowane akwatin imel yana da mai gadi, wata rariya da ke tace saƙo kafin ya iso ga mai shi. Ba ta jin Hausa, ba ta san uba ba, ba ta san ɗa ba. Tana duba kalmomin da aka fara da su, ta duba da su wa mai aikowa yake hulɗa, ta kwatanta da abin da mutanen duniya suka saba jefarwa. Ta ga saƙo daga Nijeriya, ya fara da sallama, ya cika da sunan Allah da albarka, daga adireshin da kullum ke musayar gaisuwa da 'yan damfara. Shi ke nan, ta haɗa Kawu da su ta zuba a shara. Wannan ita ce dabarar da ake ta yi mana tutiya da ita. Ko akuyar gidanmu ta san muryar mai ba ta dusa.

Gyaran kuma ba wuya. Danna wuri ɗaya ne, ya shaida wa rariyar cewa wannan ba shara ba ne, ubana ne. Da yaron ya yi haka ya ja bakinsa, da an wuce wurin. Amma mai karatu a ƙasar waje ai dole ya nuna ya yi karatu. Ya ce, yana 'yar dariya, "Baba, ai ku ma da laifinku. Wannan doguwar addu'ar ita ke jawowa. Irin rubutun 'yan damfara ne sak, shi ya sa na'urar ba ta bambance ku. Ku riƙa taƙaitawa."

Wallahi da yana kusa da sai na kwaɗa masa ludayi. Na ƙwace wayar na wanke shi tas, irin wankin da taubasantaka kaɗai ke halattawa. Da aka kashe wayar Kawu ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "'Yar nan, wato maganata da ta ɓarayi iri ɗaya ce?"

Na ce a'a, na'ura ce marar hankali, yaron kuma ya fi ta. Ya gyaɗa kai kawai.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo kamar kullum, ya zauna, na buɗe kwamfuta na gyara yatsu. Ya ce, "Rubuta: muna lafiya."

Na jira. Na ce, "Sai me, Kawu?"

Ya ce, "Aika."

Haka ya ci gaba har yaron ya gama karatunsa. Wata rana taubashin nawa ya rubuto mini a ɓoye yana tambaya ko Baba ba shi da lafiya ne, don ya daina sa masa albarka. Na amsa masa cewa lafiyarsa ƙalau, kuma kamata ya yi ya yi murna, don tun daga ranar ba saƙon ubansa ko ɗaya da ya sake faɗawa shara.