Gemun Mai Tsaron Baya

Yayana yana cikin mutanen nan da sai sun duba haɓar mutum kafin su amsa masa sallama. Tun muna zongo a Kumasi haka yake, kuma shekarun da ya kwashe yana tuƙa tasi a New York ba su rage masa komai ba. A bene ɗaya muke zaune a Morris Heights, ƙofata na kallon tasa, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

'Yarsa ta fari a Bronx aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa. Aikinta motsa gaɓoɓin waɗanda suka ji rauni a wani asibiti, a can kuma ta haɗu da wani zabgegen Bature, mai tsaron baya a wasan hoki na ƙanƙara. Ranar da ta fara kawo shi gaisuwa sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Da ya yi murmushi na ga haƙoran gabansa sun cika kyau. Daga baya na ji na saye ne, nasa na Allah tuni suka zube a filin wasa.

Ni ma ban ga abin sha'awa a sana'ar ba. Ta taɓa jana zuwa kallo, na zauna sanyi yana cin ƙashina, ƙarti sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa suna ta zamiya, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Nasa aikin ya fi na kowa wauta. Idan abokin hamayya ya maka faifan nan da iya ƙarfinsa, mai hankali kaucewa zai yi, shi kuwa an ɗauke shi ne don ya shimfiɗa jikinsa a hanya. Ba ya zura komai a raga, ba a ambatonsa sai ya yi kuskure. Shekaru ya yi a ƙananan kulob na garuruwan da ba wanda ya taɓa jin sunansu, yana rayuwa a cikin bas. In wani ya karye a babban kulob na birni a kira shi, in wancan ya warke a mayar da shi. Na ce mata, "Ke, duk mazan garin nan ba ki ga kowa ba sai wanda ake jifa?" Ta yi dariya, ta ce abin da take so a wurinsa ke nan, mutum ne da ba ya kaucewa.

Tun kafin wannan gaisuwa ya riga ya musulunta a wani ɗan masallaci a Highbridge. Na ga sallarsa a falona. Gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, sujada na ba shi wuya, amma yana yi har ya idar. Yayana bai ga wannan ba, bai kuma tambaya ba. Ya dubi haɓar mutumin ya gan ta sumul, ya ce Musuluncin neman mata ne, kada ɗan sulɓin nan ya ƙara taka masa gida. Yarinya ta yi kuka har ta gaji, domin ta rantse ba za ta yi aure ba sai ubanta ne waliyyinta.

Da sanyi ya wuce a shekara ta gaba, babban kulob ya sake kiran saurayin, suka shiga zagayen neman kofi. To 'yan wasan nan suna da wani camfi: da zarar an shiga wannan zagaye ba mai aske gemu, har sai an fitar da su ko sun ɗauki kofin. Abin ya zo daidai da gabatowar azumi. Wata rana yayana ya gan shi a bakin titi ya sauke yarinyar, gemu jawur ya cika masa fuska. Ya hau bene da gudu ya buga mini ƙofa yana haki.

"Ei! Kin gan shi kuwa? Allah ya shirye shi! Yaron nan ya zama serious paa, ya kama addini sosai!"

"Yaya, wannan gemun na wasa ne. Dukansu sun bari, har mai tsaron ragarsu da yake rataya gicciye a wuya."

"Ke me kika sani a kan gemu?"

'Yarsa ta gaya masa, shi kansa saurayin ya gaya masa, yayana ya ce kunya ce irin ta sabon tuba. Ya ɗauke shi hoto da waya. Babu direban tasi a titin Grand Concourse da bai ga hoton nan ba, babu dattijo a masallaci da bai ji yadda tsayuwar yayana a kan gaskiya ta karya zuciyar Bature ba. Mutumin da ko Fatiha bai taɓa biya wa yaron ba, shi ne ya zama mai wa'azin da ya shiryar da shi. Ya sa ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi dattawa su taru a karɓi gaisuwa, ya sayi goro, ya sa ni dafa waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, tukunya guda.

Ana tsakiyar makon aka fitar da kulob ɗin. Ni da yarinyar muka zaunar da saurayin a falona, muka roƙe shi ya bar gemun nan ya kai Asabar. Wace wahala ce a ciki? Gashi ne, da kansa yake zama. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce gemun na wasa ne kuma wasa ya ƙare, in mahaifinta zai ba shi ita, to ya ba fuskar da yake salla da ita kullum. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Na ce a raina ga shi nan zai sake kwanciya a gaban abin da kowa zai kauce wa.

Ranar Asabar dattawa suka cika falon yayana. Saurayin ya sunkuya ya shigo, ya yi sallama cikakkiya, fuska tas, sai ɗinki a gefen haɓa inda faifai ya same shi a wasan ƙarshe. Wani tsoho ɗan Nijar ya duba hoton da aka tura masa a waya, ya ɗago ya ce, "Alhaji, shi ne wannan, ko ƙanensa?" Wasu suka ƙunshe dariya. Liman ya ce a bar maganar gashi, lokacin azahar ya yi, a tashi a yi salla tare a gani. Yayana ya ƙi. Ya ce an yaudare shi, ba zai ba da 'yarsa ba. Ni da na san shi tun yana yawo ba wando, na san ba addini ne ya yi masa ciwo ba. Hoton da ya nuna wa duniya ne, da dariyar da za a yi masa a tashar tasi.

Yarinyar ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa jin ta yi wa ubanta doguwar magana da Hausa ba sai ranar.

"Baba, mutum na kawo maka. Kai gashi kake so."

Bayan ƙaramar salla kulob ya sayar da saurayin ga wani gari can yamma mai nisa, yadda suka saba yi da irinsa. Ta bi shi. A masallacin garin aka ɗaura aure, limamin da bai san kakanta ba ya tsaya mata waliyyi. Ni kaɗai na je daga danginmu. Yayana ya rantse ba zai kira ta ba, har yau kuma yana riƙe da rantsuwarsa, shi ga mai magana ɗaya.

Wata Lahadi da rana na shiga kai masa abinci, na same shi a gaban talabijin, ya rage murya, hancinsa kusa da gilashi. Wasan hoki ne. Lokacin an riga an haifa masa jika mace da bai taɓa ɗauka ba.

"Yaya, wa ke cin wa?"

"Oho. Ke da kika taɓa zuwa, a wane gefe iyalan 'yan wasa suke zama?"

Na ce masa ba a cika nuna su ba. Ya ce shi ma tambaya kawai ya yi.

Bayan 'yan shekaru gwiwar nan ta ajiye surukin da yayana ya ƙi, ya koma koya wa yara zamiya a garin da suke. Ko wannan ɗan leƙen ta talabijin ma yayana ya rasa. Amma har yanzu in lokacin wasan ya zagayo yakan kunna tashar, ya zauna yana shafa farin gemunsa, yana duba fuskokin 'yan kallo a filin da 'yarsa ta daina zuwa.