Ɓallin da Ke Bakin Gizagon Baba

Mahaifina masassaƙi ne. A ƙofar gidanmu da ke unguwar Yindiski a Potiskum yake aiki, ƙarƙashin rumfar kara, yana fafe turmi da akushi, wani lokacin kujerar zaman mata. Gizagonsa uku, amma ɗaya ya fi ji da shi, mai lanƙwasasshen baki, wanda yake shiga cikin turmi ya kwaso itace kamar ana kwasar tuwo. Wani tsohon maƙeri a Mamudo ne ya ƙera masa shi da ƙarfen sifirin na tirela. Tun suna samari suke tare. In maƙerin ya shigo Potiskum cin kasuwa, a rumfar Baba yake sallar azahar, su ci abinci kwano ɗaya.

Lokacin da abin ya faru ni ba yaro ba ne, na yi aure har da haihuwa. Na kama shago a bakin titi ina cajin waya. Maginin da ya gyara mini dokin ƙofa ya bar tudun siminti, ƙofar ta ƙi rufuwa. Wata Juma'a, bayan Baba ya wuce masallaci, na leƙa rumfarsa neman abin da zan sare tudun da shi. Na san gizago na itace ne. Na sani sarai. Amma shi ne a kusa, kuma bai fi mako biyu da dawowa daga Mamudo ba, inda maƙerin ya sake buɗe masa baki, sai ƙyalli yake. A sara na uku na ji ƙas! Wani ɓalli kamar farcen babban yatsa ya yi tsalle, tsaga ta bi ƙarfen zuwa sama. Na goge shi da gefen rigata, na mayar inda na ɗauka.

Da safe Baba ya kira ni, gizagon yana hannunsa.

"Kai, wa ya taɓa mini wannan?"

"Wa zai taɓa, Baba? Ai jiya da hantsi na ga kana saran ƙirya da shi. Ƙila gyaran ne bai yi ba. Ka san tsufa ya fara kama maƙerin nan."

Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Baba ya daɗe yana juya gizagon, sannan ya ce in tayar da mashin.

Mun tarar da maƙerar cike. Damina ta kusa, manoma sun yi layi da fartanyu, ga wasu Fulani biyu suna jiran a gyara musu gatari. Ƙanen maƙerin yana jan zugazugi, shi kuwa yana zaune gaban uwar maƙera, ya riƙe jan ƙarfe da awartaki yana bugu da masaba. Da ya gan mu ya saki fara'a, ya fara gaisuwa da Hausarsa mai karin Ngizim. Baba bai bari ya ƙarasa ba. Ya jefa gizagon a gabansa.

"Duba aikinka. In hannunka ya gaji, ka faɗa mini in nemi wani, ba ka ɓata mini kayan sana'a ba."

Nan take zugazugin ya tsaya. Tsohon ya ɗauki gizagon, ya shafa ɓallin da babban yatsa. Sai ya sa farce cikin tsagar ya kankaro, wani gari mai launin toka ya fito. Ya murza shi tsakanin yatsu. Ya ɗago kai ya dube ni, ba Baba ba, ni. Na kafe idona a kan tarin gawayi.

"Laifina ne, Malam," ya ce. "Na tsoma shi a ruwa da wuri, ya yi tauri da yawa. Bar shi in sake maka."

"A'a, bar shi kawai," in ji Baba. Ya karɓe abinsa muka fito.

A hanya ina jin numfashinsa a bayana. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe. Na ce wa kaina in mun isa gida zan faɗa. Da muka isa na ce gobe.

Damina biyu ta wuce. Baba ya koma wajen wani maƙeri a cikin gari, wanda gizagonsa ke dakushewa kafin a gama turmi ɗaya. Yana wasawa yana ƙorafin ciwon wuyan hannu, ina ji, in wuce shagona. Tsohon ya daina sauka a rumfarmu. Da ya aurar da 'yarsa ya aiko da goro, Baba ya ce a raba wa maƙwabta, bai je ba.

Sai Baba ya kwanta zazzaɓi mai tsanani. Ranar kasuwa ga tsohon ya yi sallama, ya zo dubiya. Baba ya amsa gaisuwar a taƙaice ya juya fuska bango. Na raka baƙon zuwa bakin titi. Da zai hau mota ya ce, "Ɗana, simintin nan da ka sara, ya saru kuwa?"

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce masa, "Don me ba ka faɗa ba a ranar?"

"A gaban mutane? Ni in an ce ƙarfe ya ƙi, ba wani abu ba ne, yakan ƙi. Amma a ce ɗan mutum ya yi masa ƙarya ya kawo shi har Mamudo, ubanka ba zai iya ɗauka ba. Na zaci za ka faɗa masa a hanya."

Na jira Baba ya samu sauƙi, na durƙusa gabansa na faɗi komai. Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Ka sa na ci mutuncin mutumin da bai taɓa cuta ta ba." Ya tashi ya sa babbar riga.

Ya ƙi hawa mashin ɗina, motar haya muka shiga. A maƙerar ya jira sai da mutane suka taru, sannan ya cire hula, shi da furfurarsa, ya roƙi gafara da babbar murya, ya faɗi abin da ɗansa ya yi, ina tsaye kowa yana kallona. Tsohon yana ta cewa, "Haba Malam, ya wuce, mayar da hularka."

Sun koma cin abinci tare. Ni ma Baba ya ce ya yafe mini, kuma na yarda ya yafe. Amma har ya bar duniya, in na kawo masa labari, ko na rasuwa ne ko na saukar ruwa a gona, sai ya ce "To," ya jira ƙanena ya shigo ya tambaye shi ko haka ne.