Ɗakin da Yaya Bawa ya shirya wa muryar Inna

Shekara talatin da biyu ke nan da ruwan Kainji ya ci yayana Bawa, amma har yau in na ji wani ya tafa hannu a ɗakin da ba kowa, sai gabana ya faɗi.

Gyaran rediyo yake yi a Yelwa, a lokacin da ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Burinsa ɗaya ne, ya ɗauki muryar mahaifiyarmu a kaset. Inna Bagungiya ce, an haife ta a tsibirin da tafkin ya haɗiye, kuma waƙoƙin tuƙin jirgin ruwa da na daka na mutanensu a bakinta kaɗai suka rage a danginmu. Ya sayi rikoda da makirfo, ya ware ɗaki a bayan shagonsa. Ɗakin siminti ne da rufin kwano, kana magana yana maido maka da ita.

Nan fa aiki ya samu. Sai ya tsaya tsakiyar ɗakin ya tafa, ya karkata kai yana sauraron yadda amon ke jan jiki kafin ya mutu. Ni kuwa ya zaunar da ni kan kujerar da Inna za ta zauna, ya riƙa jan madubi a jikin bango. Duk inda na hango makirfo a cikin madubin, sai ya yi alama da gawayi, ya ce nan ne murya ke bugawa ta dawo ta ɓata ɗauka. A kan alamomin yake rataya tabarmin kaba, ya cusa buhunan ɓuntun shinkafa a kusurwa, ya sake tafawa. Na yi ta tsokanarsa cewa ya zama mai gyaran bango, shi ko a jikinsa.

Inna ta gaji da jira. Ta ce, "Kai Bawa, waƙar da muka yi cikin jirgi iska na kaɗawa, mi ya haɗa ta da bango? Kunna abinka in yi."

Ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, saura bango guda. Ba ni son jikokinki su ji ki kamar daga cikin rijiya."

Tabarmin wannan bangon ya je saye kasuwar Wara. A hanyar dawowa jirginsu ya daki wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa, ya kife da su.

Yanzu nakan ga yara suna ɗaukar waƙa da waya a bakin tasha, babura na wucewa, ba wanda ya damu. Na san da yana nan da ya toshe kunne ya yi ta mita. Wani lokaci kuma haushinsa nake ji ƙwarai. Da ya ɗauki Inna ranar da ta ce ya kunna, da yau muna da ita, ko da daga cikin rijiyar ne. Sai in tuna ba taurin kai ba ne, girmamawa ce, sai haushin ya koma hawaye.

Bayan sadakar arba'in ɗin Bawa, ni da matarsa muka rufe alamomin da suka rage, muka roƙi Inna ta zo. Ta shigo ta zauna, na danna rikoda. Ta daɗe tana kallon tabarmin, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Bawa." Ta saurara. Ɗakin bai maido mata da komai ba.

Ta ce, "To, aikinshi ya yi kyau." Ta tashi ta fita, kuma ba ta ƙara waƙa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Waƙoƙin sun tafi da ita, shagon ma an rushe. Abin da ya rage mana kaset ɗaya ne, sunansa a bakin uwarsa, tsaf ba gurɓata, yadda ya so a ji ta. Allah ya jiƙansu duka biyun.