Direban da Na Goge wa Hanya

A shekarun da muke zana taswirar Zamfara a intanet, wadda kowa ke iya shiga ya gyara, ni ne mai duba aikin sauran. Ban fi kowa sani ba, na dai riga su mallakar kwamfuta, kuma ina da baki.

Mu goma sha wani abu ne, duk samari, sai wani dattijo guda daga Bunguɗu. Tsohon direban haya ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Gusau da Tsafe, har hatsari ya ci masa ƙafar dama. 'Yarsa ce ta koya masa aikin a waya. Sashen da kowa ke gudu ya ɗauka: rubuta layin mota nawa ne a kowace hanya, da wanda ake bi a miƙe, da wanda ake shiga in za a karya kwana. Wata biyar yana yi daga kan tabarmarsa, mahaɗa bayan mahaɗa. Ya taɓa ce mana tun da ya fara, ji yake kamar ya koma bakin sitiyari.

Sai samari suka fara tura masa tambaya suna tsallake ni. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Na zauna na bi aikinsa da idon neman laifi, na kuwa samu. A taswirar, kowace hanya tana da 'yar kibiya mai nuna inda aka ja ta, ita ce ke raba gaba da baya. Shi kuwa bai san da wata kibiya ba. A wajensa gaba ita ce barin Gusau, baya ita ce dawowa, kamar yadda kowane direban tasha ke lissafi. Duk inda kibiyar ta fuskanci Gusau, layukansa sun juye. Gyaran yini guda ne, bayanin kuma bai kai shan shayi ba.

Ban yi masa bayanin ba. Na ɗauki hoton kuskuren na watsa a zaurenmu na waya, sannan na goge aikinsa gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau.

Ranar Asabar ya shigo mota ya zo taronmu a Tudun Wada ta Gusau, yana dogara sanda. Ya jira kowa ya gama, sannan ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu, ni da ban kai ɗan cikinsa ba.

"Malam, gwada min inda nik kuskure, in gyara."

Na ƙi karɓa. Na ce, "Baba, taswira ba tasha ba ce. Ka huta hakanan."

Aka yi dariya, ni ma na yi, har na ji daɗinta. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya fita. Muna jin ƙarar sandarsa har bakin titi, ba wanda ya tashi ya raka shi.

Bayan shekara biyu ɗaurin aure ya kai ni Bunguɗu, na gan shi a ƙofar gida ya rame. Na so in sulale, ya riga ni sallama, ya sa aka kawo mini ruwa. Wayar ya bar wa 'yarsa tuni.

"Hanyag ga ta Tsahe," ya ce, "an sa mata layukkan daidai? Kwanar kasuwa na da wuya ga baƙo."

Na ce an sa, tsaf.

Ya ce, "To madalla. Gara da kunka ba wanda ya iya."

Na shanye ruwansa na tafi. Har yau in ka buɗe taswirar, hanyar tana nan ba layi ko ɗaya. Ba wanda ya sake taɓa ta, ni ma ban taɓa ba.